Injin Waifar Noreen

Saura kwana biyu a buɗe gidan fatalwa, gawar Orrin Dykstra ta ƙi tashi.

Sau huɗu yana taka makunnin. Murfin akwatin yana ɗagawa kamar kullum, amma mutumin da ke kwance a ciki, wanda ya haɗa da bututun roba da tsohon kwat ɗin mahaifinsa, ko gezau. Sai wani ɗan hayaƙi da ya sulalo daga ƙarƙashi. Orrin ya durƙusa ya shinshina. Injin ya ƙone.

Shekara goma sha tara ke nan, duk watan Oktoba, yana mayar da tsohuwar bargar gidansu gidan tsoro saboda bikin Halowin, lokacin da ake shigar dodanni ana tsorata juna don wasa. Duk abin da ke motsi a cikinta da injin waifar mota, mai share ruwa a gilashi, yake motsi: tsohuwar da ke lilo a kujera, hannun da ke fitowa daga rijiya, da ita wannan gawa. Injin waifa ba ya gajiya da je-ka-ka-dawo, kuma in an kashe shi sai ya koma inda ya taso kafin ya tsaya. Shi ya sa gawar Orrin ba ta taɓa maƙalewa a zaune ba, kullum sai ta koma ta kwanta. Amma tana da nauyi, ƙaramin inji ba ya ɗaga ta, sai irin na manyan tsofaffin motoci. Ya buga waya shago uku, duka suka ce sai Litinin.

Ran Juma'a kuwa da ƙarfe huɗu na yamma kwamitin gari zai zagayo ya zaɓi gidan da za a ba allon yabo. Bara Kip Sorley aka ba, maƙwabcinsa na tsallaken titi, mutumin da bai san bambancin sifana da cokali ba. Kip dai zuwa yake kanti ya lodo dodannin leda, ya jona wuta, iska ta hura su. Ga su can a ƙofar gidansa, wani ƙaton kwarangwal mai murmushi yana ta rangaji kamar ya sha ya bugu. Abin da kwamiti ya kira kyau ke nan. Orrin bai yi mamaki ba, don ya san su ukun: mai sayar da inshora, da malamar makaranta mai ritaya, da wani mai aski da ke tsoron kyankyaso.

Ya fito tsakar gida. Motoci biyu ne a wurin. Ta farko tasa ce, a-kori-kura da ya ɗora wa ɗakin kwana a baya saboda farautar barewa a tsakiyar Nuwamba. Wata guda ya yi yana yi mata gyara: farantin sola a rufi, ƙaramin murhu, sabon batir, da jerin fitilu da ya kafa daidai gindin gilashin gaba. Injin waifarta zai ɗaga gawar nan har da akwatin. Sai dai kafin a kai gare shi sai an kwance fitilun da wayoyinsu duka, aikin da ya ci masa mako guda. Ya yi tunanin haka na tsawon kurɓar kofi ɗaya, ya kau da kai.

Ta biyu ta Noreen ce, ƙanwarsa, tana ɗage a kan jak babu tayoyin gaba. Ta kawo ta ne ya canja mata birki, saboda ran Juma'a da safe za ta kai mijinta Del babban asibitin birni, tafiyar awa uku, a yi masa aikin zuciya. Tun ranar da Noreen ta fara tuƙi ba wanda ya taɓa kwance mata ko noti ɗaya sai Orrin. Ba sa ziyartar juna, ba sa gaisuwar Kirsimeti yadda ya kamata, amma ta yarda da hannunsa, kuma tana faɗa a gaban kowa.

Ya ɗaga bonet ɗinta. Ƙusoshi uku ne kawai ke riƙe da injin.

Orrin ba ɓarawo ba ne, kuma da wani ya kira shi haka da ya sha naushi. Aro ne. Litinin sabo zai iso, ya sa mata, har ta ci riba. Ya duba hasashen yanayi a waya: rana ƙwal har Lahadi. Wane ne ya taɓa mutuwa saboda waifa a ranar da ba ruwa? Abu ɗaya ne bai tsaya a kansa ba: in aro ne, me ya hana shi buga mata waya ya tambaya? Ya san amsar da za ta ba shi, shi ya sa. Cikin minti ashirin injin na hannunsa. Ya mayar da sandunan waifar inda suke, suka kwanta a gilashi kamar ba abin da ya faru.

Kafin rana ta faɗi gawa ta tashi zaune, ta juyo da kai, ta koma ta kwanta a hankali. Bai taɓa ganin ta yi kyau haka ba.

Ran Alhamis ya wuni a ƙarƙashin motar Noreen. Ya canja birkin gaba, ya canja na baya da ba ta ce a taɓa ba, ya zubar da tsohon man birki ya zuba sabo, ya bi bututun ɗaya bayan ɗaya da fitila. Ko mai ƙera motar bai yi mata wannan hidima ba. Yana nan kwance sai ya ga fararen takalma sun tsaya kusa da kansa.

"Sarkin matattu, kana raye a ƙarƙashin nan?"

Kip ne, riƙe da farantin kek ɗin kabewa da matarsa ta gasa.

"Me ya faru, Kip? Iska ta sace daga cikin 'ya'yanka?"

"Ɗaya ya huje jiya, na liƙe shi da salatif." Kip ya yi dariya, don shi ba a iya zaginsa, komai wasa yake ɗaukarsa. "In kana neman hannu gobe, ina nan. Zan iya sa zani fari in yi ta kuka a lungu."

"Kai ko ba zani yara na gudun ka."

"Haka matata ke cewa. Ta Noreen ce wannan? Yaya Del?"

"Gobe za a yanka shi."

"Allah ya sa a yi a sa'a. Ta yi dace da ɗan'uwa irinka, ni da nawa ne ko taya ba zai duba mini ba."

Orrin ya jira fararen takalman suka tafi, sannan ya jawo waya ya sake duba hasashen yanayi, karo na shida a ranar.

Da safiyar Juma'a raɓa ta daskare a kan gilasan motoci. Wannan bai shiga lissafinsa ba. Tun ƙarfe shida da rabi ya fito da ruwan ɗumi da tsumma, ya kankare gilashin Noreen, ya goge, ya sake gogewa har yana ɗaukar ido. Sannan ya shiga barga ya kunna kayansa don gwajin ƙarshe.

Ƙarfe bakwai ta iso a ƙafa daga gidansu da ke ƙarshen titi, jaka a kafaɗa, idanunta jajur na wadda ba ta yi barci ba. Mace ce gajera, shekara talatin tana tuƙa motar ɗaukar 'yan makaranta kafin ta ajiye.

"An gama, Orry?"

"An gama. In kin taka zai tsaya ko a kan ƙanƙara."

Ta karɓi makulli ta shiga, ta tayar da mota, ta taka birki sau biyu ta gyaɗa kai. Har ta sa giya, sai ta tsaya tana kallon gilashin. Ta waiga ta kalli na a-kori-kurarsa, fari fat da daskararriyar raɓa. Ta dawo da kallonta kan nata.

"Kai ka goge mini gilashi?"

"To laifi ne?"

"Shekara arba'in kana gyara mini mota. Kullum sai na share man hannunka daga sitiyari. Yau kuma har da gilashi."

"Del ba shi da lafiya, na ce bari in kyautata."

Ta ja sandar da ke gefen sitiyari. Ruwa ya feso ya wanke gilashin, ya gangara. Sandunan waifa suna kwance abinsu.

"Fiyus ne," in ji Orrin. "Tsofaffin motocin nan haka suke. Ba ruwa yau, na duba."

Noreen ta kashe mota. Da ƙarar ta ɗauke sai wata ta fito fili daga barga, ƙara mai zuwa da dawowa, da ɗan ƙyas a ƙarshen kowane zagaye. Shekara goma sha ɗaya tana jin wannan ƙyas ɗin duk ranar da aka yi ruwa. Ta fito ta nufi barga, yana biye da ita yana magana a kan fiyus. Ta wuce tsohuwa mai lilo, ta wuce rijiya, ta tsaya gaban akwati. Mutumin ya tashi zaune cikin kwat ɗin mahaifinsu, ya juyo ya dube ta, ya koma.

"Nawa ne," ta ce.

"Aro na yi. Litinin zan sa miki sabo fil."

"Hanyar bakin tafki zan bi. Ka san yadda take, rana a nan, ƙanƙara a can. Ga manyan motoci suna watso taɓo. Da mutum mai rabin zuciya a gefena."

"Na duba hasashe, Noreen. Sau nawa."

"Taka motar fa? Ba ta da waifa?"

"Fitilun da na kafa sun rufe wurin. Mako guda na yi ina…"

"Ashe ka yi tunaninta."



Ta duba agogo. "Sha ɗaya ake son mu. Minti nawa za ka yi ka mayar?"

"Arba'in."

"Ina da arba'in. Ciro."

Da ya juya nan take ya ɗauko sifana, da watakila abin ya tsaya a faɗan 'yan'uwa, irin wanda ake tunawa ana tsaki. Amma bai juya ba. Idonsa ya koma kan akwatin. A ransa yana auna ko injin tsohuwa mai lilo zai iya ɗaga gawar in ya rage mata nauyi, ko ya cire mata kwat, ko ya roƙi kwamiti su dawo Litinin. Bai fi numfashi biyar ya yi a haka ba. Noreen tana tsaye tana kallon fuskarsa, kuma ta san shi tun suna yara.

"Bar shi," ta ce. "Kar ka wahalar da Baba, ya saba tashi."

"Na ce zan ciro."

"Ba ka ce ba."

Ta fita. Ta tsallaka titi, ta ratsa tsakanin dodannin leda da suka kwanta a ciyawa saboda ba a kunna musu iska ba tukuna, ta ƙwanƙwasa ƙofar Kip. Orrin yana hango su. Kip ya fito da rigar barci, ya saurare ta, bai ko waiwayo wajen Orrin ba. Ya koma ciki, ya fito da wando a jiki da makulli a hannu. Bai ba ta makullin ba, shi ya shiga wajen tuƙi.

Bayan minti goma suka dawo ta gaban gidan, sun ɗauko Del. Yana zaune a gaba an lulluɓe shi da bargo. Da ya hango Orrin ya ɗaga masa hannu yana murmushi. Ba ta gaya masa ba ke nan.

Orrin ya koma barga. Tunda ta ce a bar shi, ai ba amfanin cirewa. Ya gyara wa gawar wuya, ya ƙara mata hoda a fuska, ya shafa wa injin mai.

Wajen ƙarfe biyu motar janwe ta shigo tsakar gidan da baya. Marv Tuttle ne ya sauko, mai garejin bakin kasuwa, wanda Orrin ya sha faɗa a shagon kofi cewa ko keken yara ba zai ba shi ba.

"Noreen ta bugo daga asibiti," in ji Marv, yana warware sarƙa. "An shiga da Del ɗakin tiyata. Ta ce in ɗauke motar."

"Injin waifa ne kawai. Litinin zan sa."

"Ta faɗa mini. Ta ce in sa wani, wancan ta bar maka." Ya ciro wata 'yar takarda daga aljihu ya duba. "Ta ce kuma in kwance birkin duka huɗu in sake dubawa."

"Birkin nan jiya na yi shi. Ba mota a garin nan mai birki irinsa."

Marv ya durƙusa ya leƙa bayan taya, ya daɗe yana kallo. "Aiki ne mai kyau," ya ce. "Ni ban iya haka ba, gaskiya."

"To ka gaya mata."

"Na gaya mata tun a waya, na ce in Orrin ne ya yi ba sai an duba ba. Ta ce duk abin da hannunka ya taɓa a duba." Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. "Makulli na ciki?"

Yana ciki, inda ta bar shi. Marv ya ɗaura sarƙa, ya ja motar sama a hankali, ya fita da ita. A bakin ƙofa ya dakata ya ba wata ƙaramar mota hanya. 'Yan kwamiti ne, sun zo da wuri, mai aski a gaba yana riƙe da takarda da biro, yana tambaya ko an shirya.

Orrin ya ce an shirya, ya wuce gaba ya buɗe musu bargar.