Yashi a Fentin Baba Shekari

"Wa ya taɓa mini inji?"

Baba Shekari bai ko zauna ba. Kwanansa tara a asibiti, keken haya ya sauke shi a ƙofar gida, amma maimakon ya shiga ɗaki sai ya sa 'yarsa Mercy ta riƙe shi har rumfar kwanon da ke bayan gida, inda yake aikinsa. Ni kuwa ina tsaye a gefe, hannu a baya, ina jiran yabo kamar ɗan firamaren da ya ciyo na ɗaya.

"Ni ne, Baba," na ce. "Na ga fentin ya yi kaushi a wasu wurare, sai na ce bari in gyara maka kafin ka dawo. Duba ka gani, har fuskarka za ka hango a ciki."

Ya ɗora babban yatsansa a kan tayar injin ya shafa. Ya sake shafawa. Sannan ya ɗago ya dube ni da idanun nan nasa da ciwo ya zurma.

"Jonathan."

"Na'am, Baba."

"Wa ya aike ka?"

Fentin mota ne sana'ata, shekara ashirin da biyu ina yi a nan unguwar Television, kuma ban taɓa jin kunyar faɗi cewa na iya ba. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Baba Shekari. Shi kuwa makanikin injin niƙa ne tun ban san hagu da dama ba. Daga Kakuri har Kakau babu mai niƙan da bai san shi ba. Yakan tsaya a bakin titi ya saurari ƙarar inji, ya gaya maka abin da ke damunsa kafin ya ajiye jakar sifanunsa. Da ƙarfi ya ƙare, sai ya dawo rumfar bayan gida ya kama wani aiki da duk layinmu muka ɗauka wasan tsufa ne: ƙera ɗan ƙaramin inji, wanda duka-duka bai fi girman burodin iyali ba.

Shekara uku yana kansa. Ba abin wasa ba ne na ado, inji ne sosai mai shan fetur, da fistin ɗinsa, da fulogi, da ɗan tankin da ya yi da gwangwanin sadin, da tayoyin ƙarfe biyu, ɗaya a kowane gefe. Abin da bai samu a wurin 'yan gwangwan ba, ya zauna ya goga da magagari har ya fito. Na taɓa ganin ya yi sati biyu a kan wani ɗan ƙarfe da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ya gama, ya auna, ya jefar da shi ya soma sabo. Na ce masa, "Baba, wa zai gani?" Ya ce, "Injin zai gani."

Kwaikwayon wani tsohon injin niƙa ne da ya yi wa aiki a Kakau yana saurayi. A can ya haɗu da matarsa, Mama Celina. Ita ta ba ni labarin da bakinta, tana dariya, cewa mudu ɗaya na masara takan raba kashi uku don ta je niƙa sau uku a rana. Wancan injin yana da wani hali: in ya yi bugu uku sai ya yi ɗan tari, sannan ya ci gaba. Baba bai huta ba sai da ya sa wa ƙaramin wannan tarin. Da gangan fa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana raba injuna da tari.

Mama Celina kuma ta makance shekara shida da suka wuce, hawan jinin ido ya cinye mata gani.

To, da aka kwantar da Baba, Mercy ta bar mini makullin rumfar don in riƙa dubawa saboda yoyon ruwan sama. Na shiga na ga injin ya sha koren fenti, tayoyin ja, amma a wurare uku fentin ya yi tsakuwa-tsakuwa kamar bayan kwaɗo. Raina ya ɓaci saboda tausayi. Na ce a raina ga shi nan, hannun Baba ya soma rawa, ƙura ta faɗa masa a gwangwani bai lura ba. Na ɗauko sanfefa na goge wuraren tas, na kawo bindigar feshi na yi masa shafi uku. Ko motar ciyaman ban taɓa yi wa irin wannan aikin ba.

"Mercy, kira mini uwarki," in ji Baba.

Mama Celina ta fito tana bin igiyar shanya da hannu, don ita ce hanyarta zuwa rumfar. Ta zauna a kan benci.

"Celina, tada mana shi mu ji."

Ta miƙa hannu da ƙarfin gwiwa, irin na wanda ya san ɗakinsa. Yatsunta suka sauka a kan injin, suka zame. Ta laluba dama, ta laluba hagu. Ta kama bututun hayaƙi, ta saki. Ta zagaye tayar da yatsa har sau biyu.

"Shekari," ta ce a hankali, "ina hanyata ta tafi?"

A nan na gane. Yashi ne ya zuba a cikin fentin, da saninsa. Mai kauri a kan famfon fetur, matsakaici a daidai inda za ta kama taya ta juya, mai laushi a kan ɗan maɓallin da ke rage mai ko ƙara shi. Duk inda ya yi santsi, ma'anarsa kada ki taɓa, akwai zafi ko haƙori. Wata biyu yana koya mata, ni kuwa na shafe shi a yini ɗaya. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Da na gaya wa matata Eunice, ba ta ko tausaya mini ba. Ta ce, "Ai kai karambaninka ya fi ƙarfin kanka. Ka yi gyaran gangar Auzinawa, sai ka je ka san yadda za ka yi."

Washegari da sassafe na koma. Na tarar an fitar masa da kujera a bakin rumfar, an lulluɓe shi da bargo, ƙafafunsa sun kumbura sun ƙi shiga silifa. Na durƙusa zan fara ba da haƙuri, ya ɗaga mini hannu.

"Bar sori, ba ni da lokacinta. Likita ya ce zuciyar ta gaji. Bai faɗi kwana nawa ba, amma ni makanike ne, na san ƙarar injin da zai tsaya." Ya yi numfashi. "Celina ba ta ganin hoto. In na tafi, me zan bar mata ta duba? Ƙarar nan ce kawai. Kuma ba na son ta jira sai wani ya ga dama ya tada mata. Ka gane?"

"Na gane, Baba."

"To ɗauko gwangwanin madarar can."

Gwangwani uku ne a jere a bayan kwalbar man inji, kowanne da yashinsa. Daga rafin Kakau ya ɗebo, ya wanke, ya shanya, ya tankaɗe da rariyar Mama da matacin shayi. Na zauna a ƙasa gabansa, ni da nake da yara huɗu masu koyon aiki a gareji, ya mayar da ni ɗan koyo.

"Cokali ɗaya. Na ce ɗaya, wannan ai tuwo za ka tuƙa. Juya. Kada ka ja buroshin, ɗiga shi za ka yi. Kai, haka kuke yi wa motocin mutane?"

Ina yi yana faɗa, Mama Celina tana gefe tana ɓarar egusi tana dariya. Can ta ce, "Jonathan, koren dai yana nan ko?"

"Yana nan, Mama."

"Irin na ganyen mangwaro nake nufi fa, ba irin na tutar Najeriya ba. Kuma akwai ɗan layin rawaya a gefen tanki, kamar na injin Kakau."

Babu layin rawaya. Na dubi Baba, sai ya kawar da kai ya ɓoye hannunsa cikin bargo. Ashe ya gwada sau da yawa, rawar hannu ta hana shi, girman kai kuma ya hana shi roƙo na. Na je gida na ɗauko siririn buroshina, na riƙe numfashi, na ja layin daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ya sa tabarau ya duba ya daɗe.

"Ba laifi," ya ce.

A bakin Baba Shekari wannan lambar girma ce, kuma har yau ina ji da ita.

Sai kuma damina ta tsaya mana a wuya. Watan Agusta ne, rana ta ƙi fitowa, fenti ya ƙi bushewa. Baba ya kafa doka cewa ba mai taɓawa sai ya yi ƙarfi, don in yatsa ya danne yashin, aikin ya lalace. Kwana ɗaya, kwana biyu. A rana ta biyu ya kasa fitowa kujera. Mercy ta same ni a bakin ƙofa idanunta jajur, ta ce, "Broda Jona, abeg, ba yadda za a yi ya bushe da sauri? Ko kunu ya daina sha." Na kwaso fitilun da nake gasa fenti da su a gareji, na jawo janaretona ta kan katanga, na kewaye ɗan injin nan da su daga safe har yamma. Abin da na iya ke nan, shi na yi.

Ranar Laraba da hantsi na danna farcena a gefe, bai shiga ba. Na leƙa ta tagar ɗakinsa, wadda ke kallon rumfar, na ce, "Baba, ya bushe."

"Zuba fetur, ka koma gefe," ya ce, muryar da ƙyar take fita. "Ko ta yi kuskure kada ka sa hannu. In ka sa hannu ban yafe ba."

Mama Celina ta biyo igiyar shanya ta zauna. Yatsunta suka hau injin, suka yi tafiya kaɗan, suka tsaya cak a kan yashi mai kauri. Na ga fuskarta ta saki. Ta buɗe famfo. Ta gangara ta sami wurin kamun taya, ta juya. Shiru. Ta sake juyawa, injin ya yi atishawa ya mutu. Sau biyar. Hannuna har ƙaiƙayi yake yi, na cusa shi cikin aljihu na danne. A na shida ta gyara zama, ta ce wa injin, "Kai, kada ka ba ni kunya gaban mijina," ta fizge tayar.

Tuf, tuf, tuf, sai ɗan tari. Tuf, tuf, tuf, sai ɗan tari.

Hayaƙi siriri ya tashi. Mercy ta toshe bakinta da gefen zani. Ni dai ban ɓoye ba, hawaye na yi, ƙato da ni.

Daga cikin ɗaki muka ji muryarsa. "Mai ya yi yawa. Rage."

Ta kai yatsa kan yashi mai laushi ta murɗa kaɗan. Ƙarar ta daidaita.

"Yauwa," in ji Baba. Sannan ya ce, "'Yammata, mudu nawa kika kawo?"

"Ɗaya ne," ta ce, "amma zan dawo an jima."

Ya rasu ranar Juma'a da safe, wajen ƙarfe tara, Mercy tana goge masa fuska. 'Yan zumuntar matan coci suka cika gidan da waƙa, masu injin niƙa suka zo daga Kakuri da Sabon Tasha da Kakau, wasu da gari a gashin girarsu. Wani dattijo a cikinsu ya tsaya gaban ɗan injin ya cire hularsa.

Mercy ta so ta tafi da uwarta Sabon Tasha, Mama ta ce ba inda za ta, ita da ta san igiyar shanyarta. Aka samo wata 'yar'uwarsu, Hannatu, ta dawo gidan da zama. Kullum da safe, bayan sun gama addu'a, nakan ji injin ta bayan katanga, minti biyar ko shida, sannan ya yi shiru. Eunice ta daina duba agogo, da shi take sanin lokacin ɗora ruwan koko.

Shekaranjiya Mama ta aiko Hannatu ta kira ni. Na same ta a kan benci, hannunta a kan tayar.

"Jonathan, hanyar ta fara gogewa."

Na sunkuya na duba. A daidai wurin kamun, yashin ya cinye, jan fentin ya koɗe, ƙarfe ya fito yana ƙyalli, daidai faɗin babban yatsanta. Na miƙa hannu bayan kwalbar man inji na ɗauko gwangwanin madara na tsakiya. Da saura fiye da rabi.

"Cokali ɗaya fa," ta ce.