Loma Uku a Bayan Tulu

Tiyamike tana da shekara takwas ofishin kula da marayu na Zomba ya ba maƙwabciyata Nachisale riƙonta. Uwarta 'yar unguwarmu ce, tari ya ɗauke ta. Dangar da ke tsakanina da Nachisale ta kara ce, don haka ba leƙe nake yi ba, gani ne ke zuwa ya same ni.

Yarinyar ba kuka, ba dariya. Kullum aka tuƙa nsima, tuwonmu na masara, sai ta gutsuri loma uku ta ɓoye a bayan tulu. Ɓeraye suka tare a ɗakin. Ran da Nachisale ta share wurin, yarinyar ta gantsara mata cizo har jini, ta koma ta zauna tana kallon bango. Nachisale ta ce ƙarshen wata za ta mayar wa ofis da abarsu. Ni na kai labarin bakin famfo da coci, har na ce cizon biyu ne.

Ofis suka roƙa a fara kai ta wurin likitar damuwar yara, Misis Kalua, duk Laraba. Na bi su da sunan rakiya. Likita ba allura ba ƙwaya, sai tabarma da yumɓu. Mu kuwa aka bar mu a benci.

Laraba ta uku ta kira mu ciki. Yarinyar ta gina motar bas da mace a ciki, ga ɗan faranti a gefe. Likita ta tura ta waje shan ruwa, sannan ta tambaya wa ya ce wa yarinyar uwarta ta tafi aiki Joni, wani birni can ƙasar waje.

A wurinmu yara ba sa zuwa jana'iza. Gida ɗaya ake tara su, ranar jana'izar uwarta kuwa gidana ne. Da yarinyar ta tambaye ni, na ce uwarta tana Joni, za ta dawo in ta yi kewar nsimar gida. Haka aka yi mana mu ma. Ashe lomar nan ta uwar ce.

Nachisale ta ce, "Kaka, duk Zomba kun ba labarin mutuwar nan, ban da 'yar mamaciyar."

Likita ba ta yi faɗa ba. Ta ce bakin da ya faɗa shi zai gyara, ita za ta tsaya kusa.

Ranar Asabar da safe mai gari ya ba mu izinin shiga maƙabarta. Na nuna tudun ƙasar na ce, "Mamarki ba ta Joni. Ta mutu, nan aka sa ta, ba za ta dawo ba. Ƙarya na yi miki."

Ta daɗe tana kallon wurin. Sai ta ce, "Ta ci abinci kafin nan?"

Na buɗe baki zan ce e, likita ta dube ni. Na ce ban sani ba.

Kwana biyu yarinyar ba ta ɓoye loma ba, ba ta kuma ci ba. Rana ta uku ta cinye kwanonta tas, ta wanke hannu, ta koma kallon bango.

Ƙarshen wata ya zo. Nachisale ta ce ƙafarta na ciwo, ofis da nisa. Amma ran Laraba da ƙafar nan ta taka har wurin likita, yarinyar na riƙe da bakin zanenta.

A famfo mata suka tambaye ni yadda aka ƙare. Na ce ana nan dai, na ɗauki bokitina.