Makullin da Ke Jakar Yaya

…kuma ai ƙofar ba ta buɗuwa da makulli ɗaya. Ta sani. Wata huɗu ke nan da sanin haka, amma ga ta dai, daga dawowa aiki, ko ruwa ba ta sha ba, ta kunna kwamfuta, ta kai jarumarta gaban ƙofa ta bakwai, ta ƙarshe a wasan. Kafar makulli biyu, ɗaya dama, ɗaya hagu. Sai 'yan wasa biyu sun murɗa tare.

Na azurfa yana hannunta. Na zinariya kuwa yana jakar jarumin Yaya. Shi ya kashe dodon tafki ya ciro shi, ya yi mako guda yana cika baki: "Auta, ke dai riƙe min fitila kawai." Har matashi ta jefa masa…

Yaya yana ɗakin nan na kusa. Bango ɗaya ne tsakani. Tana jin ƙarar cokali, Umma na ba shi abinci a baki — buɗe, haɗiye, yauwa. Tun ranar da ya faɗi a banɗaki ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Hannun daman nan mai saurin tsiya, yanzu sai an ɗaga shi an ajiye. Likita ya ce haƙuri. Na wata nawa?

Ta san kalmar sirrinsa. Kwamfutarsa na kan durowa, ƙura ta rufe. In ta shiga da sunansa, hannu ɗaya nan, ɗaya can, ta murɗa duka biyun… wa zai sani?

Jiya ta kai masa hoton ƙofar a waya. Ya daɗe yana kallo, sai ya kau da kai wajen taga. Gajiya ce? Kunya? Ko bai gane ba — ƙofar, ko ita?

Ga saƙo daga wani baƙon ɗan wasa: yana da na zinariya, in tana so su buɗe tare. Ta rubuta "to". Ta goge. Me ma ke bayan ƙofar? Ba ta taɓa tambayar kanta ba. In ta buɗe, wasa ya ƙare, shi ke nan ba sauran abin da suka bari rabi, ita da shi, ba sauran abin da zai tashi ya tarar…

"Auta, zo ki kama min mu juya shi."

"Ga ni nan, Umma."

Ba ta tashi ba tukuna. Saƙon baƙon yana nan yana jira.