Ƙanƙara Mai Sukari a Ciki

Ƙarfe bakwai na safe Huraira na fasa ƙanƙara a shagonta na Gyadi-Gyadi, kiran bidiyo ya shigo. Safiya ce, autarta mai karatun likita a Kirgistan.

"Umma, kalli hajarki, ga ta nan kyauta har ƙololuwar dutse! Can za mu hau yanzu, mu shida, kafin sanyi ya wuce."

Huraira ta goge hannu da zani, ta matso da wayar. Fari fat, ko'ina dusar ƙanƙara.

"Ikon Allah! Ya cikinta yake? Tona min in gani."

"Haba Umma, jirana ake."

"Su jira. Shekara sha tara ina wannan sana'a, ban taɓa ganin wadda ba firiza ta yi ba."

Safiya ta durƙusa a ɗan gangaren da ke gefen hanya, ta tona. Sama tauri kamar faranti. Da ta zura hannu ƙasa, sai ga wani abu tsaba-tsaba kamar sukari.

"Dunƙula shi."

Ya ƙi, ya zube ta tsakanin yatsunta.

"An yi rana kwanan nan?"

"Kwana uku. Sai sanyi ya dawo, sabuwa ta zuba a kai."

Huraira ta ajiye guduma. "An ɗauke wuta an dawo da ita kenan. Irin wannan, in na jera a baro, ta sama sulalewa take ta bar ta ƙasa. Ba inda za ki hau."

Wani saurayi ya leƙo wayar yana dariya. Kabiru ne ɗan unguwar Daurawa, wanda ya haɗa tafiyar.

"Hajiya, dutse fa ba firiza ba ne."

"Kai kuma ba akuya ba ne. Tsaya saman ramin nan, ka doka ƙafa in ga."

Ya doka. Aka ji wata ƙara, wuf, daga ƙasa. Tsaga ta ruga a guje kamar an ja zare, falle mai faɗin tabarma uku ya ɓalle ya zame, Kabiru ya sha ƙasa da mazaunai.

Duk suka ɗaga kai suka dubi dutsen, irin wannan ƙanƙarar ce lulluɓe da shi har sama. Ba wanda ya yi dariya.

"Umma," in ji Safiya a hankali, "mota za mu koma."

"Ku koma. Amma kafin nan haska min bakin inda ta tsage, daga inda kike. Ƙanƙarar hawa nawa ce?"

Ƙanƙararta kuwa tana ta ɗiga a kan siminti, ba ta ko waiwaya ba.