Alkamar Mutanen Ƙarƙashin Lambu

Katafilar Babis ba ta yi rabin yini tana haƙa a lambun Argiro ba, haƙoranta suka ci karo da dutse. Ƙarar ba irin ta dutsen banza ba ce, kuma duk ɗan garin nan ya san ta tun yana goye. Babis ya kashe injin, ya leƙa ramin, ya sosa ƙeya.

"To, madalla," in ji shi. "Mun taso masu gida daga barci."

Argiro ta taho daga bakin ƙofarta tana goge hannu da gefen baƙar rigarta. Ɗanta Stratos ya riga ya dira cikin ramin, yana share ƙasa da tafin hannu. Dokin ƙofa ne na farin dutse, tsakiyarsa ya lotsa saboda takun ƙafafu. Bayansa gindin bango ne, da wani lungu da hayaƙi ya dafe. Gabansa kuwa titi ne shimfiɗe da falalen duwatsu, da 'yar kwata a gefe, ya miƙe sak ya nufi bakin teku.

Babu wanda ya yi murna. A garinmu in ka tona ka ga gidan mutanen da, ba ka tsinci komai ba sai wahala. Mutanen kayan tarihi za su zo su kewaye wurin da waya, su kawo 'yan tsintsiyoyinsu kamar masu share idon jariri, kai kuma ka zauna jiran ranar da za su gama. Akwai wanda ya fara jira da baƙin gashi, aka kai shi maƙabarta wayar tana nan.

Ita kuwa Argiro ba ta da shekarun jira. Stratos ya tafi Jamus yana saurayi, ya ƙare ƙuruciyarsa a masana'antar motoci, sai bana ya ce ya gaji, zai dawo gida. Matarsa Despina ta kafa sharaɗi ɗaya: ba za ta zauna a ɗaki biyun surukarta ba. In sabon gida ya tashi a lambun kafin a buɗe makarantu, za ta taho da 'yarsu, wadda aka sa wa sunan kakarta Argiro amma ake ce mata Rula. In bai tashi ba, kowa ya zauna inda yake. Argiro ta yarda aka sare bishiyoyin lemon da mijinta ya dasa, don dai ta ji motsin jikarta a tsakar gida kafin ta mutu.

Stratos ya fito daga ramin yana kakkaɓe gwiwa. "Babis, me ka gani?"

"Ni? Idona ya daɗe da lalacewa, maigida. Ƙasa na gani, ita ma da ƙyar."

"Mama, ke fa?"

"Ban ga komai ba, ɗana."

"Ranar Litinin motar kankare za ta zo da sassafe. Kafin nan a rufe da tamfol, a ɗora katako. Kowa ya kama bakinsa." Ya dubi uwarsa musamman. "Har da maƙwabciyarki Zambeta, Mama. Ita ce ma kan gaba."

"Yaushe na taɓa kai maganar gidana waje?" in ji ta, ranta a ɓace. Gaskiya ta faɗa. Argiro mace ce mai zurfin ciki, ta binne miji da 'ya ɗaya, ba wanda ya taɓa jin kukanta ta katanga.

Amma abin ya tsaya mata a rai. Washegari da hantsi, Stratos ya tafi wajen masu rodi, ta ɗaga gefen tamfol ɗin ta sauka a hankali tana dafa bango. Ta tsaya a kan dokin ƙofar, ƙafarta ta zauna daram a cikin lotsawar. A lungun nan mai baƙi ta ga murhu, da fasasshiyar tukunya a kife, hannunta ɗaya yana nan lafiya lau. Wata mace ta taɓa tsugunawa a nan ta hura wuta. Ta leƙa wannan titin tana jiran wanda ya tafi teku, ko ya dawo ko bai dawo ba, oho. Ga shi ranar Litinin za a zuba mata kankare a ka, a ɗora gadon Rula a samanta, ba sallama, ba neman gafara.

Tsoro ya kama ta, ba na hukuma ba. Ita dai a saninta ba a kwantar da yarinya a kan murhun mutanen da ba a yi wa addu'a ba. Da ta gaya wa Stratos, dariya ya yi.

"Haba Mama! Waɗannan ai ko coci ba su sani ba, gumaka suka bauta wa. Za mu yanka zakara a kan harsashin, Fadan coci ya yayyafa ruwa, shi ke nan."

"Zakara na gini ne. Su fa?"

"Su sun yi shekara dubu biyu ba su nemi komai a wurinki ba."

Asabar ɗin ta zo daidai da ranar tunawa da matattu, ranar da kowace mace ke dafa alkama ta kai coci don mutanenta. Argiro ta dafa tata ta shanya a kan ƙyalle, ta zuba 'ya'yan rumman da zabibi da kirfa, ta rufe da garin sukari. Sai ta ɗauko faranti na biyu. Ta ce a ranta, wa zai sani? Fada zai yi addu'a a kan duk abin da aka jera, ita kuma ta faɗi nata a zuci. Ba ta yi ƙarya ba, ba ta tona asiri ba, kowa ya samu hakkinsa.

Ta manta da abu ɗaya, ita da ta shekara saba'in tana yin wannan al'ada. Alkamar matattu ba a cin ta a ɓoye. Bayan addu'a ana fitowa harabar coci a rarraba, kuma ba mai kai cokali baki sai ya san wa zai nema wa gafara.

Zambeta maƙwabciyarta ce ta fara miƙo hannu. Ta karɓi ta farantin farko, na mijin Argiro da 'yarta, ta ce, "Allah ya gafarta wa Manolis da Lenio." Sannan idonta ya sauka a kan na biyun.

"A'a! Argiro, faranti biyu bana? Wa ya mutu ban ji ba? Ko wani mijin kika ɓoye mana a garin Kavala?"

Mata suka kwashe da dariya. Argiro ta ce, "Ci dai, Zambeta."

"In ci in ce me? Allah ya gafarta wa wane? Faɗi suna mana, 'yar uwa."

"Ban san sunansu ba."

"Kin dafa wa mutane alkama ba ki san sunansu ba?"

Nan fa matan duka suka juyo suna kallonta. Da a kasuwa ne, da Argiro ta ƙirƙiro wata goggo da ta mutu a Amurka, a wuce wurin. Amma farantin yana hannunta, Fada Yerasimos ya gama addu'a a kansa yanzun nan, turaren bai ma bar jikin rigarta ba. Ƙarya a kan alkamar matattu?

"Maƙwabta ne," ta ce a hankali. "Na ƙasa."

Ba wanda ya tambaye ta ƙasan ina. Garin duka ya ji ƙarar katafila, ya kuma ji lokacin da ta yi shiru. Zambeta ta sa hannu ta toshe bakinta, karo na farko a rayuwarta, amma a makare. A bayanta Uwargida Vaso na tsaye da nata farantin, uwar yarinyar nan da ke aiki da mutanen kayan tarihi. Vaso ba muguwa ba ce. Ta karɓi alkamar, ta ce, "Allah ya gafarta musu," ta ci, idonta a ƙasa.

Ranar Litinin motar kankare ta zo da sassafe kamar yadda aka yi alkawari, ta tarar da wata 'yar farar mota ta riga ta. 'Yar Vaso ta yaye tamfol ɗin, ta daɗe tana kallo, har da dafe ƙirji. Ta ce titin nan shi ne wanda suke nema tun kafin a haife ta, wanda ya sauka daga kasuwar tsohon birni zuwa tashar jiragen ruwa. Ta ce wa Argiro, "Kaka, ki yi haƙuri," kuma da gaske take. Kafin azahar an kafa turaku an ja waya.

Stratos bai yi faɗa ba, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Da ya daka mata tsawa, da ta samu abin riƙewa. Ya sallami mai kankare, ya mayar da rodi, ya yi ta magana da Despina a waya cikin Jamusanci, harshen da suke komawa in ba su so tsohuwa ta ji. Da ta ajiye masa abinci sai ya ci, ya ce an gode, kamar baƙo.

Ta raka shi tashar jirgin ruwa ranar da zai koma. Iska tana kaɗawa, masu motoci suna ta hon, ita kuma tana riƙe da hannun rigarsa kamar yaron da za a bari a makaranta.

"Mutanen kayan tarihi sun ce wataƙila a ba mu wani fili," in ji ta. "A bayan gari."

"Sun ce."

"Ba da gangan na yi ba, Stratos. Tambayata aka yi."

"Na sani, Mama."

"To ka kawo mini Rula da uwarta lokacin bikin Ista, ko mako guda ne. Zan ba su gadona, ni in kwana a kicin."

Ya sunkuya ya sumbaci goshinta, ya zare hannun rigarsa daga yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

"Na gaya wa yarinyar tana da ɗaki mai kallon teku," ya ce. "Har ta zaɓi launin fenti. Ki bar ni in je in san abin da zan ce mata tukuna."

Ya ɗauki jakarsa ya bi layin masu shiga. Argiro ta tsaya tana jira ya waiwayo, har ma'aikatan jirgin suka ɗage gadar.