Taragon da Harouna Ya Goge

Gariba ya tsaya a ƙofar rumfar, makulli a hannu, baki buɗe. Taragon da ya bari ranar Laraba da zane tun daga wannan kai har wancan, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, yanzu ga shi fes, yana ƙyalli kamar sabuwar tukunyar silba. Ko ɗigon fenti babu.

Shi Gariba ɗan Zangon Kumasi ne, kanikancin jirgin ƙasa ya yi a New York har ya yi ritaya. Zaman gida a unguwar Highbridge ya gagare shi, sai ya shiga ƙungiyar wasu tsofaffi masu kwaso matattun taragun jirgin lantarki suna raya su a wata rumfa a Queens. Aikinsu ba mayar da tsoho sabo ba ne. Yadda abu yake a zamaninsa, haka suke so ya zauna, ko da ƙusa ce mai tsatsa.

Wannan tarago kuwa darajarsa duk a jikinsa take. Wani saurayi ɗan Bronx mai suna Tito ne ya fesa masa zanen a shekarun 1980, lokacin da samari ke satar shiga inda ake ajiye jirage suna rubuta sunayensu. An wanke sauran taragun da ya zana tuntuni, Tito kuma ya rasu da ƙuruciyarsa. Wannan kaɗai ya rage na aikin hannunsa. Ƙungiyar ta sha wahala kafin ta gano uwarsa, kuma yau Asabar aka gayyace ta ta zo ta gani.

Sai ga Harouna ya ɓullo daga bayan taragon da murmushin mai jiran yabo. Mutumin Maraɗi ne, abokin sahun Gariba a masallacin Tremont. Gariba ne ya kawo shi shara da 'yan goge-goge, saboda ya ga aiki ya yi masa ƙaranci. Abin da Gariba ya manta shi ne sana'ar bawan Allahn nan: kankare rubutun da yara ke fesawa a ƙofofin shaguna. Ya ƙware kuwa, ba ya ha'inci.

"Alhaji, ka gani? Propre, tsaf. Tun shekaranjiya ban zauna ba."

Gariba ya juyo ya dube shi. "Harouna, mi ka yi?"

"Abin da ka ce. Ka ce in goge shi."

"Ƙura nake nufi. Dust, Harouna, dust."

"Ba ka ce ƙura ba, Alhaji. Ka ce goge shi tas, baƙi na zuwa."

Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ciwo ke nan. A bakin masallaci Gariba ya yi maganar, yana sa takalmi, yana sauri. Da a ce da Turanci ya faɗa, da ba a yi haka ba. Amma Hausa ya yi wa ɗan'uwansa, kuma mai goge tebur da mai goge allo duk goge suke cewa. Gariba ya zauna a kan wani akwatin kayan aiki. Da ya bayyana wa Harouna ko zanen wane ne, murmushin ya ɓace, ya ɗora hannu a ka yana salati a hankali.

Sauran tsofaffin suka iso ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da ke iya musu a kan launin ƙusa har rana ta faɗi, yau kowa ya shigo sai ya tsaya kamar an dasa shi. Gariba ya gwammace a zage shi.

Ana cikin haka tasi ta sauke Milagros, uwar Tito. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa da sanda, ta ci ado irin na zuwa coci. Ta wuce taragon ba ta ko dube shi ba, tana leƙa bayansa.

"Ina na ɗana?" ta tambaya da Turanci.

Ƙarya ta zo wa Gariba har bakin leɓe: a ce an kai shi wani wuri gyara, a sake sa mata rana. Ya dubi sandar, ya dubi hannun da ke riƙe da ita, ya ji kunya ta rufe shi. Ya tashi ya nuna mata taragon, ya gaya mata komai, ya ce laifin bakinsa ne.

Ta daɗe tana kallon fuskarta a jikin ƙarfen. Sannan ta ce, "Wa ya wanke?"

Harouna ya matso ya durƙusa, kai a ƙasa. Turancinsa na ciniki ne kawai, don haka Gariba ya zama tafinta.

"Tana tambaya, wai ya yi wuyar fita?"

Harouna ya ɗago, idonsa ya yi ja. "Ka ce mata wallahi tun da nike wannan aiki ban taɓa gamuwa da fenti mai taurin kai irinai ba. In kankare, in samu wani a ƙasa. Har hannuna ya sale."

Gariba ya so ya rage maganar, amma ya fassara ta yadda take. Tsohuwar ta gyaɗa kai.

"Shi ne," ta ce. "Haka yake tun yana goye."

Ta dogara sandarta zuwa gun bokitin da Harouna ya tara tsummokaran aiki. Ta sunkuya da ƙyar, ta tona, ta zaɓi ɗaya da ya sha ja da shuɗi, har yanzu da danshi, yana warin sinadari. Ta ninke shi da kyau kamar rigar jariri, ta buɗe jakarta ta saka, ta ce a kira mata tasi.