Fiyus a Aljihuna

Shekara goma sha tara ina kula da injin yanka katako a kamfanin nan, ba wanda ya taɓa tambayata Turanci. Sai aka kawo sabon manaja, ɗan gaye mai ƙamshin turare, ya ce daga yau da Turanci za a riƙa rubuta rahoton inji. Ni aji uku na yi a firamare. Na rubuta yadda na iya.

Ranar Litinin na rubuta cewa zarton ya tsage a gefe. Littafin rahoton ya dawo daga wurin manaja da gyaran jan biro. Laraba na sake rubutawa, ya sake dawowa jawur. Na kai wa 'yata malamar makaranta, na ce ta nuna min laifina. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Wai a Turanci abin da ka gani makon jiya daban ake faɗinsa da wanda ka gani a makon nan, tunda makon nan bai ƙare ba, ni kuma na cakuɗa su. Na ce to na ji, zarton fa, me manaja ya ce a kansa? Ta duba littafin sama da ƙasa. Bai rubuta komai a kansa ba.

Alhamis da safe na zare fiyus ɗin injin na jefa aljihu. Aiki ya tsaya cak. Dogo, wanda ke tura katako da hannu dab da zarton, ya ce yau Baba ya jawo mana kora. Na ce ya rufe min baki, yatsunsa nake wa gadi.

Manaja ya sauko yana huci, ya ce ko in kunna ko in ajiye musu aikinsu.

"Yallaɓai, zan kunna," na ce. "Amma zo ka tsaya inda Dogo yake tsayawa, kai za ka tura katakon farko."

Ya dube ni, ya dubi ma'aikata. Ya sunkuya ya leƙa zarton, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya miƙe sai ya ce a sayo sabo, amma in ba shi fiyus ɗin tukuna.

Na ce sai sabon ya iso na ɗaura shi da hannuna. Na ja benci na zauna a gaban injin.